Kabejin da Ba a Ɗaure Ba

Shekara ashirin da bakwai Iya Gye-sun tana noma lambun bayan makarantar ƙauyensu, ba wanda ya taɓa ba ta ko safar hannu. Duk kimci, wato haɗin ganye mai tsami da yaji wanda yara ke ci da shinkafa lokacin sanyi, daga kabejinta ake yin sa. To, ranar da ƙaramar hukuma ta ce za ta ba lambunan makarantu ɗan tallafi, sai aka ce wai sai an cike takarda a kwamfuta. Wa ya iya? Hwa-yeong, wadda ta baro Seoul bara don ta gaji da aikin ofis. Ta cike, aka ba ta tallafin, aka haɗa mata da lambun, har da hotonta a jarida riƙe da sabuwar fartanya.

Kai, abin ya ci Iya! Ta yanke hoton ta riƙa ɗora tukunya a kai.

"Iya, ki riƙa leƙo mu mana," in ji Hwa-yeong, tana rusunawa.

"Ni wa? 'Yar nan, ai ke ce ta jarida."

Kabejin kuwa ya yi kyau, wannan ma ya fi ƙona mata rai. Kullum da safe sai ta bi ta jikin shingen, hannu a baya, tana neman ko tsutsa ɗaya. Da sanyi ya kawo kai, ta samu abin da take nema. A ƙauyen nan ko yaro ya san ana tattare ganyen kabeji a ɗaure da karan shinkafa kafin raɓa ta fara daskarewa. Na Hwa-yeong kuwa ga shi nan a buɗe, baja-baja. Iya ta tsaya, magana ta zo mata har baki. Ta haɗiye abarta, ta wuce.

Bayan kwana huɗu sanyi ya sauka, kabeji ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Aka sayo kimci a kanti. Hukuma ta ce baɗi ba tallafi, hedimasta ya ce gara a malale wurin da siminti, malamai su samu inda za su ajiye mota.

Hwa-yeong ta zo har gida, idanu jawur, ta durƙusa.

"Iya, ki yafe mini, na kashe miki lambu. Na ga na maƙwabta a ɗaure, har na nemo karan. Amma da na ga kullum kina dubawa ba ki ce komai ba, sai na ce to, ashe daidai nake yi."