Garin Kurayen Baba Umaru

Ku da kuka shigo aikin nan bana, ga wata rana da ba ta fita raina ba, lokacin ina buga rubutu a wani shagon kwamfuta a Bodinga.

Baba Umaru tsohon malamin dabbobi ne daga Kajiji. Idonsa ya yi rauni, don haka da ka yake faɗar littafinsa ina bugawa. Duk ranar kasuwa sai ya zo a babur, ya zauna, ya lumshe ido, ya fara. Labarin wani gari ne da mutanensa ke rikiɗewa su zama kuraye. An kashe sarkin fawarsu, sai aka sa wata kura mai suna Dela ta bi sawun mai laifin da hanci. Idan yana magana, ƙarar janareto ma ɓace mini take yi. Sai in ji ni a gonar albasa bayan ruwa, ina bin Dela, ƙasa na ƙamshi.

Matsalar ita ce littafin ya ƙi ƙarewa. Da Dela ta kusa cafke wani, sai Baba ya ƙirƙiro sabon wanda ake zargi. Har limamin kurayen bai tsira ba.

Da lokacin rajistar jarrabawa ya zo, manajanmu ya ce kwamfutata ta ɗalibai ce yanzu, Baba ya rufe labarinsa a wannan zuwan ko ya nemi wani shago. A ƙa'idarmu, aikin da ya daɗe akan buga shi a takarda, a miƙa wa mai shi, a goge.

Na gaya masa a hankali, na roƙe shi ya faɗi mai kisan kawai. 

"Ɗiyata, na san wanda yak kashe shi tun ranar hwarko," ya ce. "Amma in na hwaɗi, garin ga watsewa za shi yi. Tun da matata tar rasu, nan ɗai ni ka zuwa in iske mutane suna jirana."

Tausayinsa ya kama ni. Na je na shaida wa manaja na sadaukar da hutun cin abincina na ranar kasuwa don in ci gaba da buga wa Baba. Ya ce cikina ne, ba nasa ba.

Daga nan na gane ba kowa ne ke kawo mana aiki don a gama ba. Har Allah ya karɓi ran Baba, Dela ba ta kama kowa ba, ni kuma ban sake tambayarsa ba.