Ranar da surukina ya daka mini tsawa

Na yi yawo a duniya gwargwado, na keta hamadar Tenere a bayan babbar mota, na hau duwatsun Habasha da na Maroko, amma tafiyar da muka yi zuwa tsaunukan Alpes ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina gab da ajiye aiki a Paris. 'Yata da mijinta suna zaune a Bron, kusa da Lyon, suka matsa sai na zo sun kai ni in ga inda Turawa ke zamiya a kan ƙanƙara. Na hau jirgin ƙasa na same su. 'Yata ta so mu shiga babbar bas ɗin da ke kai mutane can, don direbobinta sun san hanya. Ni kuwa na ce mota ta fi, ko don a tsaya salla inda aka so. Mijin nata ya ɗauko makullin mota. Mutumin Maradi ne mai tsananin kunya, bai taɓa haɗa ido da ni ba, kome na faɗa sai ya ce, "To, Baba."

A gindin dutse muka tarar jandarmomi sun tare hanya. Can sama ana ta jin ƙara kamar ta igwa. Suka ce da gangan ake fasa ƙanƙarar da ta taru, a zubo da ita kafin ta zubo da kanta a kan mutane. Da aka buɗe, surukina ya ɗaura wa tayoyi sarƙa, muka kama hawa. Hanyar siririya ce, dutse a dama, rami a hagu. Wasu wuraren an yi mata rufin siminti don ƙanƙara ta bi ta sama, inda babu rufi kuma an kafa alluna cewa kada a tsaya.

A irin wannan wuri muka hango wata ƙaramar mota ta maƙale, wani tsohon Bature yana fama da taya, matarsa na tsaye tana rawar ɗari. A hamada, wanda ya wuce motar da ta lalace bai tsaya ba, ya gama zubar da mutuncinsa.

"Malam, tsaya mu taimaka musu," na ce.

"Baba, nan ne fa ƙanƙara ke zaftarowa," in ji 'yata.

"To su ɗin ba a kansu za ta zaftaro ba?"

Surukina ya taka birki. Na kama ƙofa zan fita, a zuciyata in gaisa da dattijon, in duba tayar, mu tura tare yadda aka saba. Sai na ji murya kamar ta sajan:

"Baba, kar ka fita! Matsa ciki! Matsa na ce!"

Wallahi ban san lokacin da na matsa ba. Ya leƙa ta taga ya yi wa tsofaffin irin wannan tsawa da Faransanci, su bar motar su shigo yanzu. Tsohon ya fara zancen jakunkunansa, matar ta ingizo shi ciki ya faɗo a cinyata, muka ja.

Mun shiga ƙarƙashin rufi na gaba ke nan muka ji rugugi a bayanmu, farar ƙura ta biyo mu har ciki. Daga baya jandarmomi suka ce ƙanƙara ta rufe motar tsofaffin har tagogi.

Da muka kai wurin da aka yarda a tsaya, surukina ya fito, ya zagayo, ya durƙusa a cikin ƙanƙara, kai a sunkuye.

"Baba, a yafe mini. Bakina ne ya kuɓuce."

'Yata ta fashe da dariya har da hawaye. "Ashe kana da murya haka? Ni ban taɓa jinta ba!"

Baturiyar ta tambaye ni me ya yi yake neman gafara. Na yi ta ƙoƙarin bayyana mata kunyar suruki da duk harsunan da na iya, ta kasa ganewa. Ƙarshe ta sunkuya ta sumbace shi a kumatu biyu, a gabana. Na tabbata wannan ya fi zaftarewar ƙanƙarar firgita shi.

Na ɗaga shi na ce, "Tashi, Malam, wandonka ya jiƙe. Allah ya yi maka albarka."

Tun daga ranar na fahimci cewa wanda ke ce maka "to" kullum yana girmama ka, amma wanda ya iya ajiye kunyarsa ya daka maka tsawa don ka rayu, shi ne ya ɗauke ka uba da gaske.