Malam Amma a Ajin Malam Tabbas

A kwalejin tauhidin nan da ake horar da fastoci, ba mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Malam Amma kowa ya sani, tun daga Shugaban kwaleji har mai gadin ƙofa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa, don duk amsar da ka ba shi a aji, komai kyanta, sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ka yi ƙoƙari, amma..." Da ka ji haka, to, ka gyara tsayuwa, don ba yanzu za ka zauna ba. Matarsa takan ce ko ranar da ya zo neman aurenta cewa ya yi yana sonta, amma ta sani shi mutum ne mai gardama.

Ɗan tela ne. A shagon mahaifinsa ya tashi, kuma aikin da aka fi ba shi shi ne warware ɗinkin da ya karkace. Tun daga nan idonsa ya saba: in ka miƙa masa riga, ba kyanta yake fara gani ba, inda za ta ɓarke yake nema. Da ya girma ya ajiye almakashi ya kama karatun Nassi, sai ya taho da wannan idon. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, rigarsa kullum a goge.

Ofishinsa wani matsattsen ɗaki ne a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da kantar littattafai da ta lanƙwasa saboda nauyi. Tebur biyu ne a ciki suna fuskantar juna, na biyun na Malam Tabbas ne. Shi wannan ƙaton mutum ne, in ya yi dariya har ɗakin karatu ake jiyo shi, kuma ba ya rufe magana sai ya daki tebur ya ce, "Tabbas!" Butar shayi ɗaya suke amfani da ita. Ɗaya yana son taga a buɗe, ɗaya yana son ta a rufe, sai suka daidaita a kan rabi.

Abin da suka kasa daidaitawa a kai tun suna da baƙin gashi har furfura ta cim musu shi ne tambaya guda: wanda ya sami ceto, zai iya rasa shi? Malam Tabbas ya ce har abada, hannun Ubangiji in ya riƙe mutum ba ya saki. Malam Amma ya ce gaskiya ne hannun ba ya saki, amma mutum yana iya fizge nasa ya yi tafiyarsa. Ikilisiyarsu ba ta yanke hukunci a kan batun ba, kwalejin kuwa da gangan ta riƙe su duka biyun. 'Yan ajin ƙarshe sukan shiga wurin Malam Tabbas da safe ya gina, su shiga wurin Malam Amma da rana ya rushe. In gardamar ta biyo su ɗakin malamai, malamar tarihin ikilisiya takan kwashe takardunta ta fice, malamin Helenanci kuwa, wato harshen Girkawa, da suke son naɗawa alƙali, sai ya tuna yana da uzuri a gari. Duk da haka, ni dai ban taɓa jin kwalejin da ta yi dacen malamai kamar wannan ba. Ɗalibin da ya ratsa tsakanin mutanen nan biyu ya fita, ba a ruɗa shi da hayaniya a kan mumbari.

Kada wani ya ɗauka gardamar nishaɗi ce a wurin Malam Amma. Yayansa, wanda ya koya masa addu'a, wanda yake jagorantar mawaƙa a majami'arsu, wata rana ya juya wa komai baya, har ya mutu bai sake taka ƙofar sujada ba. Malam Amma da idonsa ya gani. Shi ya sa yake tsoron faston da zai lallaɓa mutane su yi barci a bakin rami. Cikin ɗalibansa kuwa akwai wanda ya ɗora wa buri, wani magidanci mai 'ya'ya da ake kira Kafinta, don sana'ar da ya bari ke nan ya zo karatu. Kafinta yana da kaifin kai, ya haddace hujjojin malaminsa har da yadda yake gyara tabarau. Malam Amma ya riga ya raɗa wa Shugaba cewa ga wanda zai gaje shi in ya yi ritaya.

Ana cikin haka, a farkon zangon ƙarshe, Malam Tabbas ya yanke jiki ya faɗi a baranda, da alli a hannunsa. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tsira da rai, amma hannun dama ya mutu, muryar nan da take cika kwaleji ta ɗauke gaba ɗaya.

Shugaba ya kira Malam Amma ya ce, "Malam, ajin abokinka ba shi da mai ɗauka, ga jarrabawa tana zuwa. Ba wanda ya san darasin kamar kai."

Kafin ya koma ofis labari ya zaga. Kafinta ya tare shi a hanya, bakinsa har kunne. "Malam, abin nema ya samu! Safe taka, rana taka. Wannan karon ba wanda zai fita daga kwalejin nan da wancan ra'ayin."

Gaskiya ɗaya ce: ransa ya so. Ba mugunta ba ce, shi dai ya gaskata shi ne a kan daidai, ga kuma aji guda na fastocin gobe an miƙa masa ba abokin hamayya. Ya faɗa wa matarsa suna zaune a tsakar gida, tana tsefe wa jikarsu kai. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baban yara, ka je ka gaishe shi tukuna, sannan ka zo ka gaya mini daɗin nasarar."

Ya je. Uwargidan Malam Tabbas ta shigar da shi ɗaki. Ƙaton nan yana kwance ya ba ƙofa baya, ya zube kamar buhun da aka zazzage.

"Haka yake yini, Malam," in ji ta da ƙaramar murya. "Ko addu'a aka zo yi masa, bango yake kallo. Da aka ce masa kai aka ba ajinsa, hawaye kawai na ga suna bin matashi."

Malam Amma ya daɗe a tsaye. Tausayi ya kama shi, kunya kuma ta fi tausayin yawa. Can ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Mutumina, na san kana jina. Gobe da safe zan zo in tura ka aji. Ajinka ne, kuma koyarwarka za a yi a ciki. In na yi maka ha'inci ko na kalma ɗaya, kana da hannun hagu, ka jefe ni da takalmi."

Washegari ɗalibai suka ga abin da ba su taɓa zato ba: siririn Malam Amma yana haki, yana turo kujera mai taya a kan tsakuwar harabar kwaleji, Malam Tabbas a kai da bargo a cinya. Ya ajiye shi kusa da taga, ya juyo ya fuskanci aji.

"Ku saurara da kyau. Abin da za ku ji a wannan ɗakin ba ra'ayina ba ne, kun sani, shi ma ya sani. Mai son nawa ya same ni da rana. Nan wurin na Malam Tabbas ne, ni bakinsa kawai na zama."

Malam Tabbas ba ya rubuta darasi, a kansa yake ɗauke da komai. To, amma wa ya kai mai ture katanga sanin ƙarfinta? Malam Amma ya san kowace aya da abokinsa yake jawowa, da inda yake dakatawa, da inda yake ɗaga murya. Ya jera su tsaf, har ya fi mai su tsari. Bai daki tebur ba, wannan kam ya ce ba zai iya ba. Da rana kuma ya koma nasa ajin ya kama rushe ginin da ya yi da safe, ɗalibai suna dariya suna cewa Malam ya zama mai kokawa da inuwarsa. Mako ya bi mako, mai kujera yana zaune, kansa a sunkuye, ba a san ko yana bi ba.

Kafinta ne abin ya dama. Wata safiya ya miƙe tsaye a tsakiyar darasi, ransa a ɓace.

"Malam, ka yi haƙuri, kai da bakinka ka koya mana riƙo na mutum biyu ne. In yaro ya fizge hannunsa daga na ubansa, ya tafi ke nan. Malam Tabbas bai taɓa amsa wannan ba, sai dai ya ƙara murya. To, yau a ba mu amsa."

Wannan ita ce babbar hujjar Malam Amma, wadda ya daɗe yana kayar da abokinsa da ita. Abin da ba wanda ya sani shi ne, ɗan tela ya san inda nasa ɗinkin yake da rauni. Tun tuni ya hango amsar, ya ga abokinsa bai hango ba, ya ja bakinsa ya yi shiru, don ba aikinsa ba ne ya wasa wa abokin gardama wuƙa. Yanzu kuwa ga shi tsaye a wurin Malam Tabbas. Yana iya cewa, "Tambaya ce mai wuya," ya wuce, ba wanda zai zarge shi. Ya dubi Kafinta, magajinsa. Ya dubi mai kujera, sai ya ga a karo na farko ya ɗago kai yana kallonsa.

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Kafinta, ƙaramin ɗanka yana da ƙiriniya?"

"Ba a magana, Malam."

"In za ka tsallaka babban titi da shi, motoci suna wucewa, ina kake riƙewa? Tafin hannunsa?"

Kafinta ya ce, "A'a, wuyan hannu."

"Don me?"

"Don na san zai fizge."

"To, in kai da kake mutum ka san halin ɗanka, ba ka jiran shi ya riƙe ka, kana tsammani Uban da ya halicce mu bai san namu halin ba? Yaron zai fizge, zai yi kuka, zai ma cije ka. Ka taɓa sakinsa a tsakiyar titi don ya cije ka?"

Kafinta ya koma ya zauna a hankali. Sai aka ji bugu daga wajen taga. Malam Tabbas ne yake dukan hannun kujera da hagunsa, yana duka yana ƙarawa, hawaye suna zuba, rabin fuskarsa yana rawa. Wasu ɗalibai suka sunkuyar da kai. Malam Amma da kansa sai da ya juya ga allo ya daɗe yana goge abin da ya riga ya goge, don yayansa ya faɗo masa a rai, kuma ya ji da ma a ce abokinsa ne mai gaskiya.

Tun daga ranar Malam Tabbas ya daina kallon bango. Uwargidansa ta ce kafin a zo ɗaukarsa ya riga ya nuna rigar da yake so a sa masa. Malam Amma bai canza ra'ayi ba ko da ƙwayar zarra, da rana yana nan yana yaƙi da iyakar ƙarfinsa. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da aka kusa yaye ɗalibai, Kafinta ya shigo ofis ya rusuna a gaban tebur, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, ka gafarce ni. Na yi ta juya maganar nan, na kasa tsallake ta. Na koma ɓangaren Malam Tabbas. Kuma ba kowa ya rinjaye ni ba sai kai."

Maganar ta soke shi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Shekarun da ya yi yana renon magaji sun tafi, kuma da hannunsa ya miƙa shi. Ya dubi Kafinta. Sannan ya ce, "Tashi. Fasto ba ya neman gafara don ya yi tunani. Zan gaya wa Shugaba a ba ka ajin safe. Ka zo da shirinka, don ba zan raga maka ba."

Da la'asar ya tafi gidan abokinsa, ya same shi a inuwar baranda, uwargida tana ba shi shayi da cokali.

"Kai dai ba ka da kirki," in ji Malam Amma tun kafin ya zauna. "Kana zaune a kujera, ko baki ba ka buɗe ba, ka ƙwace mini ɗalibin da na fi ji da shi."

Malam Tabbas ya yi dariya. Ba irin ta da ba ce, rabi ce, ba ta da sauti sosai, amma kafaɗunsa suna girgiza har shayin ya zube a bargo. Uwargida ta ajiye cokali ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Kada ka yi saurin murna," Malam Amma ya ƙara. "Maganar wuyan hannun nan, na samo amsarta, kuma mai ƙarfi ce. Ka yi maza ka warke. Ba zan faɗe ta ba sai ranar da za ka iya mayar mini."

Muryar Malam Tabbas ba ta dawo ba har Ubangiji ya kira shi gida. Malam Amma ya yi ritaya, yana zaune da jikokinsa, idonsa ya fara rauni. Kafinta, wanda yanzu shi ma furfura ta fito masa, yakan kai masa ziyara, kuma ba ya tashi sai ya roƙe shi, "Baba, don Allah, mece ce amsar nan?" Tsohon yakan girgiza kai ya ce ba da shi aka yi alkawarin ba. Har yau ba wanda ya ji ta.