Ni Na Ci, Shi Ya Iso

Da safe, idan na shimfiɗa buzuna a ƙofar gida bayan an fito daga masallaci, abin da ke fara shiga kunnena shi ne dif-dif ɗin ƙafafun samari. Daga wajen Sama Road suke gangarowa, da takalman roba da gajerun wanduna, ba wanda ya kore su, ba wanda ya aike su. Wai motsa jini suke yi. Ni kuwa da na ji wannan sautin sai idona ya koma gindin bango, kan wani tsohon kwanon sha da kajina ke shan ruwa a ciki. Fari ne a da, mai shuɗin baki. Kada ka raina shi. Da ƙafata na ciwo shi, ni ɗin nan da ko kasuwa sai an yi da gaske nake zuwa.

A Ƙofar Marke na tashi, gidan dukawa, inda ko tuwo ka ci sai ka ji ƙamshin jar fata a hannunka. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, tsofaffi in za su ambace su sai sun rage murya. Kakanmu shi kaɗai ne a gidan bai iya riƙe basilla ba. Da ƙuruciyarsa ɗan aike ne a fada, da ƙafa yake kai saƙo Wurno ya komo, kafin zuwan Nasara. Abin da ya rage masa na wancan zamani sanda ce guda, gajeriya, ta gora, an naɗe ta da jar fata, wurin riƙon ya yi baƙi saboda gumi. A zaure take rataye. Kowa a gidan ya san maganarsa a kanta: jikan da ya gaji ƙafarsa shi zai ɗauke ta.

Mu biyu ne jikoki maza sa'annin juna, ni da ɗan goggona, taubashina, wanda a gidanmu aka goye shi. Shi dogo ne siriri kamar zalɓe. Ni kuwa gajere ne mai kumatu, wurin zamana gindin murhu, ina tura kara ina kwasar hirar mata. Ba a yin magana a gidan nan ta wuce ni. Kaka yana kiran taubashina Ƙahwata, wato ƙafarsa, ni kuma Randa.

"Randa, inda anka aje ka, nan aka iske ka," haka yake ce mini, kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Amma ka san dariyar da ake yi da haƙora kawai.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, sai mai shela ya zaga da cewa Bature zai sa tseren yara a filin bariki in an yi girbi. Mutane suka yi ta mamaki, a ce a yi gudu ba kura ba gobara. Kaka dai bai yi mamaki ba. Washegari ya sauko da sandar nan, ya kama hannun taubashina, suka fita bayan ganuwa. Ni ko kallona bai yi ba.

Haka suka riƙa yi kullum. In sun dawo sai su zauna a zaure, ni kuma in laɓe bayan zana. A nan na ji komai: a ja numfashi ta hanci, a taka da gaban ƙafa, kada a waiwaya, kada a sha ruwa a cika ciki. Akwai kuma wadda yake maimaitawa har na gaji da ji.

"Ɗan aike ba ya hwaɗa ma manya da haki kamar jaki. In ka hango su, ka rage, ka maida numfashinka, ka durƙusa ka yi gaisuwa. Sannan ka iso."

Duk wannan bai ci raina ba kamar man kaɗe. Da hannunsa yake shafa wa yaron nan a ƙwauri, yana murzawa a hankali yana ba shi labarin hanyar Wurno, inda ake tsallake rafi, inda ya taɓa kwana a kan tsamiya. Hannun nan ni bai taɓa sauka a jikina ba sai da ranƙwashi. Ina bayan zana ina jin wani abu ya tokare mini wuya kamar na haɗiyi ƙwallon goriba.

Kakata ce ta gane. Ta ga tuwona yana kwana, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Mijina, mi ka cin ka?" ta ce.

Na ce ba komai. Ta dube ni, ta dubi zaure, ba ta ƙara tambaya ba. Da safe sai ta cika gora da kunu mai zafi, ta toshe bakin, ta rataya mini.

"Kai ma ubanka a hwadama. In ya isa da sanyi, ni da kai na."

Gonar shinkafarmu tana can bakin gulbi, tafiya ce mai nisa ga mai gajeriyar ƙafa. Ranar farko na yi gudu kaɗan, cikina ya ɗaure, na zauna gindin wata giginya ina kuka. Da na isa, baffana, wato mahaifina, ya kurɓa ya ce, "Wanga kunu na ko ruwan randa?" Aka kwashe da dariya har da masu gonar maƙwabta. Na so in ce na fasa. Abin da ya hana ni, a hanyar komowa na hango su daga nesa, Kaka yana tsaye ya dogara da sanda, taubashina yana shawagi kamar ba ya taɓa ƙasa.

Daga ranar na samu abin bi. Duk lokacin da na fita da gorar kunu, sai in sa ƙeyar taubashina a gabana, 'yar siririyar ƙeyar nan mai rami a tsakiya, in ce sai na kamo ta. Ƙaya ta soke ni, taɓo ya kama ni, kwaɗi suna tsalle daga gabana, ganyen gero yana yankar fuskata, ni dai ƙeya nake bi. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni tawa, gonata ta zuba wa takin. Kafin a yanke gero kumatuna sun zube, kuma wata safiya baffana ya kafa kai a gora ya ƙona harshe. Bai yaba mini ba, amma ya hura kafin ya sake sha, wannan ya ishe ni.

Ranar tsere gari ya taru a filin bariki. An ja igiya, mutum biyu suna riƙe da ita, a bayanta kuma dab an kafa rumfa: Bature a kujera, alƙali da hakimai da dattawan gari a kan shimfiɗu. Da Kaka ya gan ni cikin sahun yara sai ya riƙe haɓa.

"Randa, har da kai? Bi sannu kar ka hwashe a hanya."

Tafinta ya yi bayani cikin hayaniya, yara ba wanda ya saurara. Ni da kunne ne jarina na ji shi sarai: a zagayo kukar can a komo, wanda ƙirjinsa ya fara taɓa igiya shi ya ci.

Aka busa usur. Ba zan yi maka ƙarya ba, taubashina ya fi ni gudu, ya fi kowa. Kafin mu kai kuka ya ba mu rata. Masu zafin farko suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa da na saba da nisan fadama ina nan ina taka gaban ƙafa, ina wuce su. A komowa ba kowa a gabana sai ƙeyar nan, ta gaske yau, tana sheƙi da gumi. Na ba da duk abin da ke jikina, ta ƙi matsowa. Har na sallama.

Sai na ga ta matso da kanta. Yaron nan ya hango manya a rumfa, ya rage gudu, ya daidaita numfashi, ya gyara ɗan bantensa, saura ƙiris ya kai igiya ya durƙusa.

"Ranku shi daɗe, na iso."

Ni ko na so tsayawa ƙafata ba za ta yarda ba. Na wuce shi kamar an jefo ni, na kwashi igiya da ƙirji, na tafi da ita har cikin rumfa, na zube a kan takalman alƙali. Bature ya yi ta dariya yana tafa hannu. Shi ya miƙo mini kwanon nan da kansa. Dattawa kuwa ba wanda ya kalle ni, duk taubashina suke sa wa albarka suna tambayar ɗan gidan wa ne.

A gida na ajiye kwanon a gaban Kaka. Ya ɗauka, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Kwano mai kyau," ya ce.

Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko sandar, ya ɗora a cinyar taubashina.

Na ce, "Kaka, ai ni nic ci."

"Awo, kai kac ci. Amma shi yai iso, kai wucewa kay yi. Da saƙo nib ba ka, wa za ka hwaɗa ma shi? Igiya?"

Na tashi na koma gindin murhu. Kakata ta wanke kwanon, ta zuba mini kunu a ciki har baki, ta ce, "Sha, mijina. Ita sanda ba a shan kunu da ita." Na sha ina hawaye, kuma na shanye.

Ban sake tsere ba. Na koma ɗinkin fata a zaure, inda Allah ya ajiye ni. Ni da taubashina mun tsufa tare, ba mu taɓa ɓatawa ba. Da furfurarmu na taɓa ce masa mu yi musaya, ga kwano ya ba ni sanda, ya yi dariya har da tari. Ya riga ni tafiya, Allah ya jiƙansa. Sandar tana unguwar Gidan Dare wurin 'ya'yansa, in na je gaisuwa nakan zauna inda ba zan fuskance ta ba.

Yanzu gudu ya zama na kowa, ba saƙo ba gaisuwa. Ɗazu ma ayarin samarin nan suka wuce, har da jikana a ciki, ya jefo mini "Sannu Kaka" ta kan kafaɗa ko juyowa bai yi ba. Ba ni da bakin yi masa faɗa, na san inda ya gado. Sai wani dogo siriri a bayansu ya rage gudu, ya maida numfashi, ya durƙusa a bakin buzuna ya gaishe ni. Jikan taubashina ne. Na amsa da fara'a, na sa masa albarka, na bi ƙeyarsa da kallo har ya sha kwana. Ƙwallon goribar nan na nan a wuyana inda na bar shi.