Wa Ya Ɓata wa Yaya Rai?

Yayata da ke aure a Djougou ta daɗe da ciwon suga, har muka daina ganinsa a matsayin ciwo. Kullum takan yi wa kanta allurar ansulin, ta ɗaura gyale, ta hau bayan moto, wato babur, zuwa Onklou ko Kolokondé sayen man kaɗe a hannun matan ƙauye, ta aiko mini Parakou in sayar.

Wata damina zazzaɓin palu, na cizon sauro, ya kwantar da ita. Amai ya hana ta cin komai, sai ta ga tunda ba ta ci ba, allura ba ta da amfani. Ta ajiye ta. Ranar da mijinta ya kira ni, ya ce Yaya ba ta gane mutane, tana jan numfashi da ƙarfi kamar wadda ta sha gudu. Asibitin Djougou suka ɗaura mata ruwa, suka turo ta Parakou cikin ambilans.

Da aka yi ta ƙara mata ruwa da ansulin, sugan ya sauko. Ta buɗe ido, ta nemi koko. Muka yi hamdala, muna zaton an gama. Sai kuma ƙafafunta suka kumbura. Ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai, daga gado zuwa banɗaki sai ta tsaya tana haki. Aka ɗauki hoton zuciyarta. Likitar 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa, don haka ni nake fassarawa daga Faransanci. Na fito na gaya wa dangi cewa zuciyar Yaya ta taɓu.

Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu da ta biyo su daga Djougou, ta gyara zama.

"Ciwon zuciya ba ya faɗo wa mutum haka kawai," in ji ta. "Wa ya ɓata mata rai?"

Ba ta ambaci kowa ba, amma mijin Yaya take kallo. Kowa ya san sun yi cacar baki da Yaya kafin ta kwanta, don ya ce ta bar bin hanyoyin daji da damina, ta ƙi, har ya ɗaga mata murya, shi da ba a san shi da faɗa ba. Daga ranar da Gwaggo ta yi wannan magana ya koma bencin waje. In na kai masa abinci, yadda na ajiye haka nake ɗaukewa.

Wata safiya ya tare ni a bakin ƙofa.

"Ƙanwata, raka ni wajen likita. Ki tambayar mini ita, kuma duk abin da ta ce ki faɗa mini, kada ki rage."

Likita ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce zuciya tsoka ce kamar ta hannu. Da aka bar allura, suga ya hau, jini ya yi tsami, ruwan jiki ya ƙafe, gishirin da tsokar ke aiki da shi ya zube, ga zazzaɓi a kai. Shi ya gajiyar da ita har ta kasa tura jini yadda ya kamata.

"Ba faɗan ba ne?" ya tambaya.

"A'a, Alhaji. Ta ce ba shi ba ne."

Ya rufe fuskarsa da hula na ɗan lokaci. Likita ta ƙara da cewa irin wannan zuciyar sau da yawa takan farfaɗo in an bi magani, ko da yake ba za ta yi mana alkawari ba.

Da aka sallami Yaya, gidana na unguwar Guéma ta zauna don kusa da asibiti. Mijin ya rufe shagonsa na kayan moto ya tare da mu. Shi ke tsayawa a kaina in ina miya, kada in sa gishiri. Bayan la'asar yakan riƙo hannunta su taka zuwa bakin layi. Da farko a nan suke juyowa. Daga baya sai na daina hango su daga ƙofa.

Kafin a gama haƙar doya aka sake ɗaukar hoto. Likita ta juyo mana da allon na'urar tana murmushi, ta ce bugun ya kusa komawa daidai. Ta ja wa Yaya kunne: ko ba ta ci komai ba, kada ta sake barin allura da ra'ayin kanta, ta auna suga ta garzayo asibiti.

Yanzu Yaya tana Djougou. Ƙwaya ɗaya ta zuciya ta rage mata, kuma ta koma sana'arta, sai dai in ruwa ya sauka matan ne ke kawo mata kaya har gida. Gwaggo dai ba ta taɓa ba wa Alhaji haƙuri da baki ba. Ranar da suka koma, ita ta daka sakwara da hannunta duk da tsufa, ta sa aka fara kai masa, ta kuma aiko a tambaya ko zai ƙara.