Buzun da na shimfiɗa a Talaje

Ni lakwal a aji huɗu muka rabu da ita, amma labarin mutumin nan na Tsohon Alkawari, wanda ya shimfiɗa ulu a masussuka ya roƙi Allah ya jiƙa shi da raɓa in tafiyar da zai yi nufin Allah ce, na riƙe shi tsaf. Shi ya ja mini.

Bayan rasuwar matata, idona ya faɗa kan wata gwauruwa a majami'armu ta unguwar Talaje, mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale. In ta ɗauko waƙa ran Lahadi har ciwon gwiwa nake mantawa. Fasto kuwa kullum gargaɗinsa ke nan, kada mutum ya ɗaga ƙafa a babban al'amari bai tambayi Ubangiji ba. To, aure ai ba sayen tayar taksi ba ne. Na ce sai na ga alama.

Ulu babu, sai na je aron buzu wurin maƙwabcina, wani alhaji mutumin garin Tawa.

"Kai da ba ka salla, me za ka yi da buzu?"

Na yi masa bayani.

"Istiharar taku da wuya take, maƙwabci. A watan zafi kake neman raɓa a Yamai?"

"In da sanyi ne ai buzun kowa zai jiƙe," na ce. "Ina alamar take?"

Kullum da safe in fita tsakar gida in shafa, busasshe kamar kilishi. Ran nan na same shi da danshi, har na fara yabo, sai hanci ya shaida mini aikin akuyar alhaji ne.

Ashe wani tela daga Yantala, bencinmu ɗaya a majami'a, gajere, muryarsa kamar ta dinya, shi ma idonsa na kan gwauruwar. Wai ya yi addu'a. Ya yi azumi, ya nemi shawarar dattawa, ya ji zuciyarsa ta kwanta, sai ya zura babbar riga ya tafi ya faɗi abin da ke ransa. Ba buzu, ba raɓa.

Ran ɗaurin aure taksina aka zaɓa ta ɗauki amarya. Muna hanya ta leƙo daga baya.

"Yaya, ni ma fa na yi addu'ata. Na ce, Ubangiji, cikin tsofaffin nan biyu masu satar kallona, ka ba ni wanda ya fara buɗe baki."

A makon ne ruwan farko ya sauka, buzu ya jiƙe sharkaf. Alhaji ya ce in riƙe kawai.

Ba hassada nake ba, Littafi ya hana. Na dai lura telan nan ya yi kumatu, har benci ya fara yi mana kaɗan. In ya tashi ba da shaida cewa Ubangiji ne ya bi da shi, nakan ce amin tare da jama'a, amma nawa a hankali yake fita.