Kwanon Baba a Wajen Ciyayya

Ƙaramin yatsan ƙafar Baba ne ya kai mu asibiti a Gaya. Kututturen dawa ya soke shi lokacin sharar gona, aka wanke, aka ɗaure da tsumma, wata guda ciwon ya ƙi rufewa. Ni na matsa aka je. A gidanmu na Toranke ni kaɗai na gama sakandare, duk abin da ya shafi takarda ni ake turawa gaba, kuma kowa ya san ba ni da haƙuri.

Ma'aikaciyar jinya ta soki yatsan hannunsa, ta ɗiga jinin a wani ɗan inji, ta dubi lambar, ta dube ni. Ciwon suga. Ta ba da magani, ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya rage tumbi. Tuwo kar ya wuce dunƙulen hannunsa, ganye da wake su fi yawa, ba suga a koko, ba lemon kwalba.

"In sugan bai sauka ba, yatsan nan ba zai warke ba," in ji ta. "In kuwa ya ruɓe, yankewa ake yi."

Baba ya ce, "To, Allah Ya kyauta," kamar maganar wani ake yi.

Na karɓe girkinsa daga hannun Inna. Malmalar tuwo ɗaya 'yar ƙarama, kwaɗon zogale fal kwano, wake, miyar kuɓewa ba mai. Gwangwanin suga na ɓoye shi a cikin akwatina. Bayan sati uku muka koma, lambar tana nan inda take. Ma'aikaciyar ta ce mini, "Me kuke ba shi ne?" Na ji kamar ta mare ni. Sai a cikin a-daidaita-sahu, muna komawa, na gane inda aikina ke tsiyayewa.

A unguwarmu magidanci ba ya cin tuwon yamma a cikin gida. Da an idar da Magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowa ya fito da kwanonsa, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Ciyayya kenan. Tun kafin a haife ni Baba yake kan tabarmar nan. Ni ina auna kwano ɗaya, shi yana sa hannu a shida.

Ran nan na laɓe a zaure na saurara. Akwai wani maƙwabcinmu Bafillace da muke ce wa Baffa. Mu asalinmu Barebari ne, don haka tsokana tsakaninsa da Baba ba ta ƙarewa. Yana buɗe kwanonmu ya ce, "Kai Babarbare, wannan ai rabon awaki ne. 'Yar bokon taka ta mai da kai tunkiya?"

Aka yi dariya. Baffa ya turo nasa, tuwon masara yana ƙyallin man shanu. "Ci, bawana, kar ka faɗi a gabanmu a ce mu ne."

Baba ya ce, "Bawan wa? Kakanka wa ya koya masa cin tuwo?" Ya kuwa ci.

Yana shigowa na tare shi. "Baba, yatsanka ne fa."

"So kike in zauna cikin mata ina ci ni kaɗai kamar marowaci?"

"In an yanke ƙafar, wa zai yi mana noman?"

Inna ta ce, "Ke, rage murya, ubanki ne." Ban rage ba. Ya daɗe yana kallon tsumman da ke ƙafarsa, sannan ya ce shi kenan, zai gwada.

Sati biyu ya yi yana ci a ɗaki. Kwanonmu na tuwo yana fita kamar kullum, shi ne ba ya fita. Tazugensa ya fara saki, bakin ciwon ya fara bushewa, lambar ma ta sauka. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma yana ci yana jiyo dariyarsu ta katanga, lomar ta tsaya a hannunsa. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Wata safiya Baffa ya yi sallama, shi da mutum biyu. Ba tsokana a muryarsa. "Malam, laifi muka yi maka? Ka guje mu, ga shi duk ka rame."

Baba ya fara kame-kame, wai ƙafa ce, wai sanyi. Na san yanzu zai ce zai dawo. Sai na leƙo daga bayan ƙyaure na ce, "Baffa, ciwon suga gare shi. Tuwonku ne ke kashe shi."

Baffa ya dubi Baba, ba ni ba.

"Tuwonmu ke kashe ka?"

Suka tashi suka kaɗe riguna. Baba bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Kin ji abin da kika gaya wa mutane? Cewa kika yi matansu na zuba mini wani abu."

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce abin da suka ji kenan.

Da Magariba ya ɗauki sandarsa ya fita. Daga zaure ina kallo ya bi kwanukan ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, don kada mai shi ya ce nasa ake zargi. A na Baffa ya fi daɗewa. Tun ranar, ko ya ƙoshi, ba ya iya ɗauke hannu da wuri.

Har yanzu ni ke wanke yatsan kowace safiya. Gefensa ya fara duhu, na nuna wa Inna ta ce inuwar ɗaki ce. Maganin yana sha, kokonsa ba suga, abincin ranarsa ina aunawa. Da yamma in zuba zogalen, in rufe da faifai, in kai bakin zaure. Nan ce iyakata. Ya karɓa, ya ce, "Allah Ya yi albarka," ya ɗingisa ya fita.